Ita a Tudu, Shi a Jirgi

Duk wanda ya san Beryl Willetts, da damatsanta ya fara saninta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗaga tukwanen dankali a kicin ɗin makarantar firamare ta unguwarsu, can Cradley Heath. Amma in ka tambaye ta inda ta samo wannan ƙarfi, ba za ta ambaci kicin ba. Sai ta naɗe hannun riga ta ce, "Kanal ne ya ba ni, ɗan nan. Taɓa ka ji." Ba Kanal na soja take nufi ba, hanyar ruwa ce da aka haƙa don jirage.

Mijinta Clive maƙerin sarƙa ne, irin manyan sarƙoƙin nan da ake ɗaure jiragen teku da su. Ƙarar guduma ta cinye masa rabin ji tun yana saurayi, shi ya sa duk maganarsa da ƙarfi take, ko gaishe ka zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Duk shekara lokacin zafi masana'anta takan rufe a ba ma'aikata hutu, unguwa ta kwashe kaf zuwa bakin teku, a je a kwanta a kan yashi ana rawar sanyi wai ana shaƙatawa. Clive ya je sau ɗaya ya ce ya gode. Shekarar da suka yi aure ya dawo gida wata rana yana washe baki, ya ce ya kama musu hayar jirgi na mako guda.

"Wane irin jirgi kuma?" in ji Beryl.

"Na kanal."

"Wannan ƙazamin ruwan da ke bayan masana'antarku, wanda ake jefa matattun karnuka a ciki?"

"Ke dai haɗa kaya. Ruwan nan yana da inda ya nufa."

Ashe kuwa yana da inda ya nufa. Kafin rana ta faɗi hayaƙin gari ya ƙare a bayansu, sai gonakin Shropshire, shanu suna leƙo su ta kan shinge, agwagi suna bin su neman burodi. Jirgin dogo ne siriri kamar lungu, in ka buɗe hannuwanka biyu a ciki ka kusa taɓa bango da bango. Ga gado, ga murhu, ga ɗan tebur, komai a jere. Tafiyarsa kuwa, tsohuwa mai jan karenta a turbar gefen ruwa tana wuce su har ta waiwayo ta ɗaga musu hannu. Beryl, wadda ba ta taɓa kwana inda ba a jin ƙarar mota ba, ta zauna a hancin jirgin ta yi ta kuka, ita kanta ba ta san na mene ne ba.

Daga wannan shekara ba su ƙara fashi ba. Ba su taɓa mallakar jirgi na kansu ba, kullum sai an ce baɗi, baɗin kuma ba ta zo ba. Mako ɗaya ne dai na haya, sauran shekarar kuma a yi ta zancensa.

To, a kan kanal akwai wata doka da ba wanda ya kafa ta, amma kowa yana bi. Namiji shi ne a bayan jirgi, riƙe da sandar tuƙi, da 'yar hularsa da kofin shayinsa. Mace ita ce a tudu, ita ke aikin madatsu. Kai ka ji rashin ta ido! Aikin da ke karya ƙugu an bar wa mata, wanda ake yi da yatsa biyu kuma maza sun riƙe, wai shi ne mai wuya. Ka je kowace madatsa a ƙasar nan lokacin hutu, abin da za ka gani ke nan: mata suna nishi suna tura gungumen ƙofa da bayansu, ƙattin mazansu suna can ƙasa suna ba da umarni.

Beryl ba ta taɓa ganin abin a matsayin cuta ba. Ita ta fi son tudun. Madatsa dogon rami ne na bulo da ake hawa ko sauka gangare da jirgi ta cikinsa, daidai tsawon jirgi, ƙofa ta ɓangaren sama, ƙofa ta ɓangaren ƙasa. In za a sauka, jirgi ya shiga ruwa a cike, ta rufe ƙofar baya, ta je ƙofar gaba ta sa ƙarfenta mai gwiwa ta murɗa, tagogin da ke gindin ƙofar su ɗago, ruwa ya tsiyaye, jirgin ya yi ta yin ƙasa kamar guga a rijiya. Wannan ƙarfe a bayan ɗamararta yake kwana yake tashi duk makon. A wajen madatsu ta yi ƙawaye da ba sa ƙirguwa, matan da ba ta san sunansu ba, a tura ƙofa tare, a zagi maza tare, a rabu har abada.

"Naki kyaftin ɗin ya taɓa riƙe ƙarfe kuwa?" wata za ta tambaya.

"Ya taɓa. Sai da ya kwana biyu yana shafa man zafi."

Shi Clive aikinsa a cikin madatsa ɗaya ne tak, amma rai ne a kansa. A gindin ƙofar baya akwai dakalin dutse a ɓoye cikin ruwa, ba ya fitowa sai ruwan ya ja. An shafa farin fenti a bango daidai inda ya ƙare. Dole matuƙi ya riƙe jirginsa gaba da wannan farin layi. In ya yi sake jirgin ya zame baya, gindinsa zai hau dakalin ya maƙale, ruwa ya ci gaba da janyewa, hancin ya yi ƙasa, kafin ka ce me ya sha ruwa ya nitse da duk abin da ke ciki. Kowace shekara sai an ji wasu sababbin shiga sun rataye jirgi haka. Clive ba shi da abin raini a duniya kamar su.

"Makaho ma ya san farin layi," yakan ce, da muryar nan tasa da ake ji daga gada zuwa gada. "Wanda ya rataye jirgi a dakali, a karɓe sandar a ba shi tsintsiya."

Da suka ƙware, sai suka fito da tsarinsu na tsofaffin hannu. In madatsu suna jere a gangare, ɗaya bayan ɗaya, Beryl ba ta tsayawa kallon jirgi yana sauka. Tana buɗe tagogi sai ta juya baya ta gangara ta shirya ta gaba, ta dawo daidai lokacin da ruwan ya daidaita, ta buɗe masa ƙofa. Ba sa magana, ba sa ɗaga hannu. Mutane sukan tsaya a kan gada suna kallonsu. A gida kuwa faɗa suke yi a kan komai, a kan taga, a kan gishiri, a kan wanda ya bar wuta a kunne. Aurensu a kan ruwa yake gyaruwa, ya ishe su har wata shekara.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Gaynor, wadda ta tsani kanal tun tana goye. Ta girma ta yi aure a Kidderminster, ta rantse ita da jirgi sai dai a hoto. Aka rufe masana'antar sarƙa, aka rushe ta, aka gina babban kanti a wurin. Beryl ta bar kicin ɗin makaranta da gwiwoyi masu ƙara. Duk wannan bai taɓa makon hutunsu ba.

Abin ya fara ne da ƙananan abubuwa, irin waɗanda ake dariya a kansu. Clive ya sa butar shayi a firji. Ya kira maƙwabcinsu da sunan ubansa da ya daɗe da mutuwa. Daga nan dariya ta ƙare. Ya kunna gas ya fita lambu ya bar shi yana huci. Wata safiya Beryl ta farka ba ya kan gado, sai can aka same shi a ƙofar babban kantin nan, da silifas da rigar barci, yana jiran a busa ƙahon shiga aiki. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya.

Gaynor ta zo ranar wata Lahadi, ta ja uwarta kicin ta rufe ƙofa.

"Mama, na samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Kusa da ni ne. Wuri mai tsabta, akwai lambu. Sun ce ba za su daɗe suna riƙe mana shi ba."

"Ki ce su ba wani."

"Mama, dubi idonki. Yaushe rabonki da barci? Kujera kike jinginawa a ƙofa don kada ya fita. In ya ƙona gidan nan da ku a ciki fa?"

"Gidan nan ne yake rikita shi. Ke ba ki san ubanki ba, a tudu kawai kika san shi. Ki sa masa sanda a hannu ki ga mutum."

"Haba Mama! Mutumin da bai san hanyar banɗaki ba?"

"Kada ki sake faɗin haka a gidansa."

Daga falo ana jin Clive yana gardama da talabijin. Beryl ta goge tebur ɗin da ba shi da datti, sannan ta ce, "Ba ni makon nan. Mun riga mun kama jirgi. In ya fita da shi ya dawo da shi lafiya, ki mayar musu da ɗakinsu, kada ki ƙara tayar mini da maganar."

"In ya kasa fa?"

"Ni da hannuna zan haɗa masa kaya."

Gaynor ta ce to bari mijinta ya bi su, ko don ya riƙa sa ido. Beryl ta ce sam, Clive bai taɓa yarda wani namiji ya tsaya masa a bayan jirgi ba, ba kuma yanzu za a fara ba. Gaynor ta yi kuka, ta yi faɗa, daga baya ta gaji ta yarda. Ita ma so take a ce uwarta ce mai gaskiya.

Kwanakin farko, wallahi sai ka ce Beryl ce ta ci. A mota Clive ya tambaye ta ina za su har ta gaji da amsawa, amma yana taka bayan jirgin ya kama sandar, sai kafaɗunsa suka miƙe. Ya fitar da jirgin daga cikin 'yan'uwansa bai goga ko ɗaya ba. Ya ratsa ƙarƙashin gadoji masu matsi kamar ana zura zare a allura. In sun zo wucewa ta gefen jiragen da ke ɗaure, da kansa yake rage wuta, har ya yi wa wani saurayi mai gudu tsawa. Gaskiya ne jirgin da sunan wani tsohon jirgi yake kiransa, wanda suka hau tun Gaynor ba ta yi haƙori ba. Gaskiya ne kuma yakan tambayi ina karensu, kare da suka binne shekaru da yawa. Beryl takan ce yana ciki yana barci. Ta toya masa naman alade ta sa a burodi, ya cinye ya lashe yatsu, ya ce, "Matar nan, ba ki da kyau amma kin iya suya." Rabon da ya tsokane ta haka har ta manta, sai da ta shiga ciki ta share hawaye.

Abu ɗaya ne ta canza, ba ta kuma faɗa masa ba. A kowace madatsa ba ta barin wurin. Takan buɗe tagogi rabi-rabi, ta tsaya a bakin ramin, idonta a kan farin layi, hannunta a kan ƙarfe. Bai taɓa kuskurewa ba, ko sau ɗaya. Amma ta san abin da Gaynor za ta tambaya, kuma ta san wannan ba shi ne gwajin ba.

Tsakiyar mako, da hantsi, suka iso kan wani gangare mai madatsu a jere. Rana ta fito sosai, ciyawa tana ƙamshi. Wani jirgi yana fitowa daga madatsar farko zai yi sama, matar cikinsa, wata doguwa mai jan gashi, tana haki a jikin gungume. Beryl ta sa bayanta suka tura tare.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji matar. "Ni wannan hutu ne ko horo? Nawa kyaftin ɗin tun safe bango uku ya daka."

Suka tsaya suna kallo Clive ya shigo da jirginsa cikin ramin, a hankali, bai taɓa ko gefe ɗaya ba, ya tsayar da shi cak.

"Tabɗi!" in ji matar. "Ina kika samo wannan? Ba ni aronsa mana, in ba ki nawa da ƙarin kare."

"Ba na sayarwa ba ne," in ji Beryl, zuciyarta fal. Matar ta yi dariya, ta bi jirginsu da gudu, suka sha kwana suka ɓace.

Beryl ta rufe ƙofar baya, ta je ta gaba ta fara murɗa tagogi, ta tsaya a inda ta saba tsayawa kwanan nan. Sai Clive ya ɗago kai ya dube ta, kallo na sosai, irin na da.

"Wai ke me kike tsaye a kaina kamar mai renon jariri? Tun da muka fito nake lura da ke. Je ki shirya ta gaba mana! So kike mu kwana a nan?"

Muryarsa ce, ta mutumin da ta aura. Ta dubi farin layin, jirgin yana gaba da shi da tazara mai kyau. Ta dubi hannunsa a kan sanda. Ta ce a ranta, in na koma na ce wa Gaynor har baya na juya masa kamar da, me kuma za ta ce? Ta murɗe tagogin duka biyu har ƙarshe, ta soke ƙarfenta a ɗamara, ta juya ta gangara. Ba ta waiwaya ba, da gangan ta ƙi waiwayawa.

Ta isa madatsa ta biyu, ta sa ƙarfe ke nan, sai ta ji ƙarar faranti. Ba ɗaya ba, duka, kamar an kifar da kabad. Bayan ita kuma injin ya yi wani irin kuka, kukan farfela da ta fito daga ruwa tana juyawa a iska.

Mace mai shekara saba'in da ɗoriya, da waɗannan gwiwoyi, ta hau gangaren nan da gudu. Ta faɗi sau ɗaya, tafin hannunta ya yage, ba ta ji ba. Da ta leƙa ramin sai ta ga abin da ta yi shekaru tana ji a bakin mutane. Gindin jirgin yana sama a kan dakali, hancinsa ya dulmiya, baƙin ruwa yana malala cikinsa ta ƙofar da ke hancin. Clive yana tsaye a karkace, ya rungume sandar da hannu biyu. Ba jirgin yake kallo ba. Wani zalɓe yake kallo da ya sauka a kan shinge.

"Clive! Riƙe da kyau! Kada ka saki!"

Ta faɗa kan ƙofar madatsa ta gaba, ta buge maƙalan da ke riƙe tagogin a sama, tagogin suka faɗi da ƙara, abin da ta sha zagin mutane a kai. Ruwa ya daina fita. Ta sake rugawa ƙofar baya, ta sa ƙarfe, kuma nan ne wurin da ya fi wuya, domin jikinta duka yana cewa ta buɗe gaba ɗaya, alhali ta san in ruwa ya shigo da ƙarfi shi zai ƙarasa kifar da jirgin. Ta murɗa kaɗan. Ta jira. Ta ƙara kaɗan. Tana addu'ar da rabonta da ita tun tana yarinya. Sannu a hankali hancin ya fara ɗagowa, ƙarfe ya yi ƙara a kan dutse, jirgin ya zame ya zauna daidai a kan ruwa.

Da ramin ya cika ta buɗe ƙofar baya, ta kashe injin, ta ja jirgin da igiya ta fito da shi ta inda ya shiga, ta ɗaure a gefen turba. Sandar tuƙin tana lilo, faifan da take juyawa a ƙarƙashin ruwa ya fita daga mazauninsa. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Babu kowa. Ba mahaluƙin da ya gani.

A ciki ruwa ya kai idon sawu daga gaba, burodi yana yawo, fasassun faranti ko'ina. Ta samo kofi biyu da suka tsira, ta dafa shayi, don ba ta san wani abin da ake yi ba. Kafin ruwan ya tafasa ta gama shirya ƙaryarta. Za ta ce wa masu jirgin ita ce ta buɗe tagogi da gaggawa. Za ta ce wa Gaynor kuwa injin ne ya lalace, laifin jirgi ne, ba a ƙarasa gwaji ba, saboda haka ba wanda ya faɗi.

Ta fito da shayin ta same shi zaune a kan ciyawa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Yana kallon farin fentin da ke jikin bangon madatsar.

"Beryl," ya ce, a hankali. Ba ta taɓa jin ya yi magana a hankali haka ba. "Na rataye shi a dakali."

"Ba kai ba ne. Ni ce na zuge tagogin da ƙarfi, ruwa ya ja ka baya."

"Ke kin taɓa zuge taga ba daidai ba? Kada ki yi mini ƙarya, ba a nan ba." Ya juya hular a hannunsa. "Ina tsaye, sai na ga ban san me nake riƙe da shi ba. Na ga bango, na ga ruwa, na rasa me ya kawo ni. Da kina ciki kina dafa abinci fa? Da yanzu kina ƙarƙashin ruwan nan."

"Ai ba na ciki."

"Na ji ku ranar nan, ke da yarinyar, a kicin. Kun ɗauka kurma ne ni gaba ɗaya." Ya ɗago ya dube ta, idonsa tar, babu hazo ko kaɗan. "Kira ta. Ki ce ta riƙe ɗakin."

"Clive, ba wanda ya gani. Mu biyu ne kawai."

"Ni na gani. Kira ta yanzu, tun ina nan. Ba na daɗewa, kin sani. In na tafi kada ki saurari wancan, ba ni ba ne."

Ta roƙe shi. Ta ce su bari sai gobe, ta ce za ta iya, ta ce ai ita ba ta gaji ba. Ya kama hannunta mai jini ya riƙe, har sai da ta ciro wayar daga aljihu. A gabansa ta kira. Ta ce, "Gaynor, zo ki ɗauke mu. Ki ce musu muna so." Ta faɗa mata gadar da ke kusa, inda mota take iya tsayawa. Gaynor ta fara tambaya, Beryl ta kashe wayar. Clive ya gyaɗa kai, ya sha shayinsa, ya ce ya yi daidai. Daga nan ya kwanta a kan ciyawar, ya rufe fuska da hula, barci ya ɗauke shi.

Ita kuwa ta shiga ta kwashe ruwa da bokiti, ta share faranti, ta kira masu jirgin su zo su ɗauki kayansu. Ta ninke rigunansa ɗaya bayan ɗaya ta sa a jaka. Baƙin cikin da take ji ya wuce na kuka. Abu ɗaya ta riƙe take lallashin kanta da shi, cewa shi ya faɗa da bakinsa, ba ita ta yanke ba.

Rana ta karkata lokacin da ya farka. Ya yi miƙa, ya sa hularsa, ya taka bayan jirgin da ƙarfinsa yana fito.

"Kai, na sha barci! Tashi, matar nan, ɗauko ƙarfenki. Ga madatsu a gabanmu kin zauna kamar an dasa ki." Ya kama sandar ya ji tana lilo. "Wane sakaran ne ya taɓa mini wannan?"

"Ta lalace, Clive. Ba za mu ci gaba ba."

"Lalacewar me? Faifan ne ya fita, ɗaga shi kawai za a yi ya koma. Zo ki kama mini."

Ba ta tashi ba. Can kan gada wata jar mota ta tsaya, Gaynor ta fito ta gangaro turba da sauri, idanunta a kumbure. Clive ya sa hannu a goshi yana kallonta.

"Wannan ba Gaynor ba ce? Me ya kawo ta kanal, ita da ta tsane shi?" Sai idonsa ya sauka a kan jakarsa da ke ajiye a ciyawa, a ɗaure, da rigar sanyinsa a kai. Ya dubi jakar, ya dubi motar, ya dubi 'yarsa. Ko me ya ɓace masa a duniya, wannan ya gane shi sarai.

"Baba," in ji Gaynor, "zo mu je. Wurin yana da kyau, za ka gani."

Bai ko kalle ta ba. Matarsa yake kallo.

"Ke kika kira ta?"

"Kai ka ce in kira, Clive. Ɗazu, a nan, kana zaune a kan ciyawar nan. Kai ka ce."

"Ni? Ni zan ce a kai ni can?" Muryar ta dawo da ƙarfinta, har shanun da ke ƙetare suka ɗago kai. "Ina tuƙina lafiya lau, ban taɓa ko bango ba! Ki tambayi kowa!"

Beryl ta waiwaya, kamar akwai wanda za ta tambaya. Turba ce kawai, da ruwa, da ƙofar madatsa a buɗe. Gaynor ma kallonta take yi, kallon mai son ta yarda amma ba ta da tabbas.

Ya sauko daga jirgin da kansa, ba wanda ya ja shi. Ya zo gab da ita, ya tsaya. Ya yi ƙasa da murya yadda 'yarsu ba za ta ji ba.

"Me na yi miki, Beryl?"

Ta sunkuya ta ɗauki jakar, ta kama hannunsa. Ya fizge.